Inda muka kwana kan dokokin gasar haɗa mota da kuɗi kaɗan

'Yan uwa masu koyon gyaran mota a nan Jidda, ga abin da zama na uku ya tsayar.

Iyakar kuɗi riyal 6,000 ce, har da kuɗin sayen motar. Wannan bai ɗauki minti biyar ba. Gardamar tana kan abin da ba ya shiga lissafi, don a nan ake cin amana.

Gasar 24 Hours of Lemons da aka fara a Amurka a 2006 ta tsayar da dala 500, amma ta cire kayan kare rai daga lissafi. Mun bi wannan: takalmin birki, man birki, bel, hular kwano da abin kashe gobara, kowa ya sayi mai kyau, ba a ƙirga masa. Man birki DOT 4 muka wajabta, saboda sai ya kai digiri 230 yake tafasa, DOT 3 kuwa 205. Da zafin Jidda, tsohon mai da ya sha danshi yana tafasa da wuri, a taka birki a ji kamar soso.

Taya ce ta ba mu wahala. In an bar ta kyauta, mai kuɗi zai sa tayar tsere mai laushi ya cinye kowa a kwana. Saboda haka ba a ƙirga ta, amma dole ta kasance ta titi, girman da kamfani ya sa, kuma kada ta wuce shekara 4. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: 2322 na nufin mako na 23 na 2022.

Kayan kyauta babu su. Giyar da maigidanka ya ba ka, za a rubuta mata farashin da ake sayar da irinta a tashlih, wato inda ake farke tsofaffin motoci a sayar da kayansu, a tambayi shaguna uku a ɗauki na tsakiya. Guminka ba shi da farashi, amma ladan da ka biya mai walda ko mai wayarin yana ciki. In ka sayar da kujeru ko ƙofofin da ka cire, ana rage maka, iyaka riyal 3,000. Ba don wannan iyakar ba, wani zai sayi mota ta 15,000 ya ce ya mayar da 9,000.

Rasit kuwa, kowa ya san ana iya rubuta shi a kan benci. Maganinsa daga tseren talakawa na Finlan da Suwidin muka aro, inda bayan tsere kowa ke iya taya mota a kan ƙayyadadden farashi. Mu inji da giya kawai za a taya, riyal 2,500, don canja sunan istimara, wato takardar rajistar mota, doguwar hanya ce. In masu so sun fi ɗaya, a yi ƙuri'a. Wanda ya ƙi sayarwa ya fita. Kowa zai sa hannu tun kafin ya taɓa sufana, don cinikin ya zama da yardarsa. Wa zai zuba 8,000 a injin da za a ɗauke a 2,500?

Gwaji a rufaffen fili mai izini ne kawai, ba a titi ba, kuma ba tafhit, wato wasan sulɓi da mota. Kafin gudu, mota za ta yi minti 30 a kunne tana tsaye da azahar. Toshewar lagireto da mutuwar fanka a nan suke fitowa, kafin su ƙona gaskit.

Saura hukuncin wanda ya haura iyaka. An kawo shawarar ƙarin daƙiƙa 1 a lokacin gudunsa kan kowane riyal 50 da ya haura, zama na gaba zai yanke.