Ziyarar asibiti bayan sujada

Jiya bayan sujadar Hausa a Agege, zumuntar matan ikilisiyarmu suka zuba shinkafa da miya a robobi, muka raka su asibiti gaida marasa lafiya. Ba a tambayi kowa addininsa ba. Wani dattijo Musulmi, mai sayar da goro, ya riƙe hannun fastonmu ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri."

A Legas ɗin nan 'yan mishan Gowans, Kent da Bingham suka sauka a 1893 don kai bishara Arewa. Biyu suka rasu a 1894, amma daga wannan aikin ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Mu kuwa, taron ikilisiya kullum gardamar fenti da sabon janareta, baikon ziyarar asibiti da ƙyar yake biyan kuɗin mota.