Katakon da ke riƙe zane

Shagona yana Samaru, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, kuma fiye da shekara 20 ke nan ina haɗa wa masu zane firam, ina ɗaure musu kanbas, wato ƙyallen da suke zana hoto a kansa. A hannun kawuna na koyi kafinta a Sabon Gari. Wata uku cur ba abin da ya sa ni sai yankan kusurwa. In na haɗa katako biyu ya ɗaga ya ga haske yana ratsa tsakaninsu, sai ya ce, "Sake, ɗana." Ba faɗa, ba duka. Har gobe ba na sakin firam sai na ɗaga shi ga rana.

Wanda ya karkato da ni wannan fanni wani Alhaji ne ɗan kasuwa a nan Zariya, Allah ya jiƙansa da rahama. Duk shekara in ɗaliban sashen zane sun baje ayyukansu na kammala karatu, zai je ya zaga a tsanake, ya zaɓi biyar ko shida, ya biya abin da yaro ya faɗa ba tayi. Wanda ya ga hannunsa na da kyau amma ba shi da hali, sai ya saya masa fenti da buroshi, wani ma har kuɗin haya. Daga bakinsa na fara jin cewa a 1958, tun makarantar tana kwaleji kafin ta zama jami'a a 1962, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka ce sai sun gauraya abin da Turawa ke koya musu da fasahar gidajensu. "Su ma yara ne a lokacin," in ji shi, "kamar waɗannan."

Ranar da ya fara kawo mini aiki ya ce, "Malam, ba ado nake so ba, abin da zai kai jikokina nake so." To, wannan sai madaci ko loko da ya bushe sarai. Ni nakan jingine katako a inuwa ya sha hunturu guda kafin zarto ya taɓa shi, don masu kawo mana kaya sai su rantse maka busasshe ne, ka yi aiki da shi, iskar Disamba na busawa ya murɗe ya tsage kusurwa. Kanbas kuwa daga tsakiyar kowane gefe ake fara jansa, ana tafiya zuwa kusurwa, har in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa ya amsa kamar ganga. Zanen takarda ba a barin gilashi ya kwanta a kansa, sai an sa kwali mai kauri a tsakani, in ba haka ba laimar damina ta manne su. Bayan firam ɗin nakan shafe shi da maganin gara in rufe ruf.

Duk wannan wahala, sai mutum ya shigo ya ce ya ga irinsa a bakin titi rabin kuɗi. Roba ce aka shafa wa ruwan zinariya, an liƙe takardar da salatif. Shekara biyu ta yi rawaya, sannan a kawo mini a ce in gyara.

Ina yawan tuna Alhaji in na ji labarin Yemisi Shyllon, ɗan gidan sarautar Abeokuta, injiniya kuma lauya, wanda ya fara sayen ayyukan fasaha tun yana ɗalibi har ya tara kusan 7,000. A 2007 ya kafa gidauniya da ke karɓar masu bincike, sannan ya ɗauki ayyuka 1,000 ya ba Jami'ar Pan-Atlantic a Legas, da kuɗin ginin gidan adana su, aka buɗe a 2019. Abin da ya fi burge ni shi ne da ransa da lafiyarsa ya yi kyautar, ya ga inda kowane zane zai zauna. Attajiranmu na Arewa suna gina masallatai da makarantu, Allah ya saka musu, amma zanen da aka yi a Samaru yawancinsa Legas yake ƙarewa, don can masu saye suke. Wannan yana damuna ƙwarai.

Bara babbar 'yar Alhaji ta zo da mota cike da zanuka. Ta ce, "Kawu, kayan Baba ne, a duba mana, muna so a rataye su inda yara 'yan makaranta za su gani." Na juya su ɗaya bayan ɗaya. Uku da wani ya yi wa firam ɗin roba sai da na sake su gaba ɗaya, gara ta ci gefen ɗaya. Waɗanda suka fita daga hannuna kuwa ƙura kawai na goge, na ƙara jan kanbas guda biyu da suka saki. A bayan wani na tarar da rubutun Alhaji da fensir: sunan yaron da ya zana, da shekarar, da kalmar "zai yi nisa".