Akwatin amarya da ya tsallake teku zuwa Kansas

Lokacin da nake karatu a Amurka na yi aikin sa-kai a wani ƙaramin gidan tarihi a tsakiyar jihar Kansas. Aikina shi ne zagayawa da baƙin da ke zuwa ƙungiya-ƙungiya: 'yan makaranta, tsofaffin da cocinsu ya ɗauko musu bas, wani lokaci kuma dangi guda da suka zo ganin kayan kakanninsu. Gidan yana adana tarihin 'yan Menonait, mabiya wata ɗariƙar Kirista da ba ta yarda da ɗaukar makami ba, wadda ta samo suna daga Menno Simons, malamin coci ɗan Holan na ƙarni na 16.

Da farko haddar shekaru na yi. Sun zauna a bakin kogin Bistula a Polan ta yau. Sarauniya Katarina ta Rasha ta buɗe ƙofa ga manoma baƙi, suka kafa Kortitsa a 1789 da Molotishna a 1804, a ƙasar da yanzu take Yukren. Da gwamnatin Rasha ta fara janye alƙawarin da ta yi musu na ba za a sa su aikin soja ba, sai dubbansu suka tattara a 1874 suka nufi Kansas da maƙwabtanta, suka sayi filaye daga kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe. Ina zubo wannan tiryan-tiryan, ana gyaɗa kai, amma idanun mutane suna wani wuri.

Wurin da suke kallo shi ne akwatin amarya. Babban akwatin katako ne mai ƙarafan riƙo a gefe, an yi masa fenti ko an dasa masa gutsattsarin itace mai wani launi, da furanni, da harrufan farko na sunan mai shi da shekara. Wasu a cikin murfin an liƙa ƙananan hotuna masu launi, inda mai akwatin kaɗai ke gani idan ta buɗe. Mutanen da aka san su da gudun ƙyale-ƙyale a sutura da wurin ibada, ga shi sun zuba ado a nan, da jikin agogon bango mai dogon lilo, da takardun da suka ƙawata da rubutun hannu da tsuntsaye. Ni da na tashi ina ganin jeren kwanuka a ɗakin amare, ban sha wahalar gane wannan ba: dukiyar mace ce, kuma shaidar gidan da ta fito.

Sai na sauya salo. Nakan tsayar da su gaban akwatin in ce, "In an ce ku bar garinku har abada, wannan kaɗai za ku cika, me za ku sa?" Yara su ce waya. Tsofaffi sukan yi shiru. Wata dattijuwa ta taɓa gaya mini cewa a gidansu har yanzu ana ba da labarin buhunan gasasshen burodi da aka yi guzuri da su, don ba ya saurin lalacewa. Ban taɓa jin wannan a takardun da na haddace ba, kuma daga ranar na riƙa barin fili ga baƙi su yi magana.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne alkamar da ake kira Turkey Red. Kowa yana son labarin cewa a cikin irin waɗannan akwatuna aka kawo irin da ya mai da Kansas rumbun alkama. Sai na riƙa ƙarawa cewa yaɗuwarta ta ɗauki shekaru, kuma mai injin niƙa Bernhard Warkentin na garin Newton a Kansas ya taka babbar rawa wajen shigo da iri mai yawa daga baya. Haka nan nakan faɗi cewa a 1873, shekara guda kafin isowarsu, aka kwashe ƙabilar Kaw, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, daga ƙasarsu a Kansas. Wani dattijo ya taɓa ɓata rai da jin haka. Da aka gama zagaye ya dawo shi kaɗai, ya tambaye ni ina aka kai su, na ce masa yankin da yanzu yake Oklahoma, ya rubuta a bayan takardar shigarsa.