Asabar: zare ya shaƙe a maƙogwaron firinta

Aikin yau na Yaya ne. Ta daɗe tana bina da maganar hatimin sabulu, wanda za ta riƙa dannawa a kan sabulun da take haɗawa a gida, sunan sana'arta ya fito a jiki. Daren jiya na zana shi a kwamfuta don in buga shi da firintar 3D, injin da ke narkar da zaren roba ya gina abu hawa-hawa: faifai mai kaurin milimita 6, haruffa a samansa masu tudun milimita 2, an juya su baibai don su fito daidai idan an danna. Manhajar Cura, mai shirya wa firinta zanen, ta ce aikin zai ci awa biyu da 'yan mintuna. Ban tayar da firintar ba sai wajen sha ɗaya na safe, domin babu wuta tun dare, sai da na bari rana ta ɗan cika batirin sola. Na ɗora farin zaren robar da ake kira PLA, na sa zafin bakin da roba ke fita a digiri 205, farantin da aiki ke zama a kai a 60, na danna na koma gefe.

Faifan ƙasa ya fito sumul, layi kan layi, ba abin da za ka ce. Ana shiga haruffa sai na fara jin ƙas, ƙas, daga wurin giyar da ke tura zare. Ɗan Yaya da ya zo kallo shi ya riga ni magana: "Kawu, injinka fa a iska yake rubutu." Gaskiyarsa. Kan injin yana ta yawo yana bin siffar haruffan, amma ko ɗigo ba ya fitowa. A ƙarƙashin giyar kuwa farin gari ya taru, alamar haƙoranta sun tsaya wuri guda suna ta gurzar zaren.

Wannan ƙas-ƙas ɗin abu ɗaya yake faɗa: ana turawa, ba ya tafiya. Bai gaya maka inda hanya ta toshe ba. Daga naɗin zare zuwa tsinin baki kuwa, wuraren da za a iya samun cikas suna da yawa. Zaren zai iya harɗewa a kan naɗinsa. Hannun da ke matse shi jikin giya zai iya tsagewa ya saki. Farin tiyon da zaren ke bi zai iya cinyewa. Ga kuma bakin kansa, wanda ramin da ke tsininsa milimita 0.4 ne kacal, alhali zaren da ke shiga kaurinsa 1.75, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da komai. Yawancin mutane da sun ji ƙarar sai su ɗauko allura su hau tsokanar baki. Ni ma na zura allurar don in fitar da shi daga zargi. Ta shige salin-alin ta fito, ba abin da ya tare ta, amma da na tura zaren da hannu sai ya ƙi ko motsi.

Sai na koma dabarar da na fi yarda da ita, wato a zaro zaren a duba kansa. A ɗaga zafi zuwa 200, a tura kaɗan, a kashe, a jira ya sauko wajen digiri 90, lokacin robar ta kama jikinta amma ba ta daskare ba, sai a fizgo. Idan an yi daidai, kan zaren yana fitowa da siffar cikin bakin, da ɗan tsini a ƙarshe, duk dattin da ke ciki kuma yana maƙale a jikinsa. Da farin zare ma abin ya fi daɗin dubawa, domin baƙin ɗigo ba ya ɓuya. Nawa da ƙyar ya fito, sai da na cire tiyon daga sama na kama shi da filaya. Tsinin fes yake, ba ƙonewa ba datti. Amma can sama da tsinin, kamar faɗin yatsa, zaren ya kumbura ya yi ƙulli, ya cika tiyon taf.

Ƙullin nan shi ne labarin yau gaba ɗaya. Kan firinta irin wannan hawa biyu ne. Ƙasa akwai ɗan dunƙulen ƙarfe mai hita, inda roba ke narkewa. Sama akwai ƙarfe mai haƙarƙari, da ƙaramar fanka da ke hura shi ba tsayawa. Tsakaninsu siririn maƙogwaro. Ana son zaren ya sauko da taurinsa har sai ya isa ɗakin narkewa, domin taurin nan ne ke danna narkakken ya fita ta tsini. PLA kuwa ba ya jiran digiri 200 kafin ya sake jiki, tun wajen 60 yake fara laushi. In zafi ya hauro maƙogwaro ya same shi a sama, giya tana turo shi, shi kuma yana tattaruwa yana faɗi. Kamar ka ce za ka zura dafaffiyar taliya a ramin makulli. Da ya ɗan huce a haka, ya zama murfi.

Na sa hannu gaban fankar sama. Tana juyi, amma iskar ba ta kai ta motsa gashin hannu ba, ga wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na kwance murfin da alanki. Abin da na tarar a fukafukanta da tsakanin haƙarƙarin ƙarfen, ƙurar hunturu ce ta bara da ta bana, ta haɗu da zare-zaren roba ta daskare. Na duba waya, zafin gari 41. Ɗakin da nake aiki rufin kwano ne, silin ɗinsa kuma ba wani na kirki ba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ɗiba ta watsa wa ƙarfe. Wanda ke aiki a ɗaki mai digiri 20 yana da tazarar digiri 40 kafin zare ya yi laushi. Ni a tsakar ranar Afrilu tazarata ba ta kai rabin haka ba, ga faranti mai digiri 60 yana turo nasa hucin daga ƙasa, ga fanka ta tsufa.

Abin da ya sa sai a kan haruffa ya tsaya ma yanzu ya fito fili. A faifan ƙasa zare gudu yake yi, bai daɗe a maƙogwaro ba balle zafi ya kama shi. A haruffa kuwa ɗan kaɗan ake fitarwa, a tsaya, a tsallaka zuwa harafi na gaba. Duk tsallakawa kuma injin yana janye zaren baya don kada ya yi dalala, ni kuwa janyewar tawa milimita 6 ce. Wato ana ɗauko roba mai laushi daga ƙasa ana kai ta sama inda ya kamata a ce sanyi ne, ana maimaitawa ba adadi cikin 'yan mintuna.

A nan ne nake ganin shawarwarin intanet suna bukatar tacewa. Ka rubuta cewa zare ya maƙale, amsa ta farko da za ka gani ita ce zarenka ya sha danshi, ka busar da shi a digiri 45 zuwa 50 na wasu awanni. Maganar gaskiya ce, PLA yana tsotsar ruwa daga iska, kuma idan ya jiƙa za ka ji yana ƙaras-ƙaras a baki, aiki ya fito da ƙuraje. Amma wannan matsalar Agusta ce a wurinmu. A Afrilu wane danshi ne a Kano? Leɓe ma tsagewa yake yi. Wasu kuma su ce ka yi wa firinta akwati ka rufe ta don zafi ya zauna. Ga mai buga ABS, wata irin robar daban, a ƙasar sanyi, daidai ne. Mai buga PLA a nan in ya bi wannan, ya saya wa kansa wahala da kuɗinsa.

Bayan azahar na hau adaidaita zuwa Farm Centre da tsohuwar fankar a aljihu. Wani dattijo mai gyaran kwamfuta ya juya ta ya karanta takardar bayanta, ya ce, "Samari, wannan mai 24 ce. Kada ka yarda a ba ka mai 12, girmansu ɗaya, kana jonawa za ta ƙone." Na ce, "To Baba, a taimaka a duba mini." Ya zazzage wata leda cike da fankoki ya zaro mai milimita 40 a faɗi, 10 a kauri, ya jona ta a na'urarsa na ji iska a tafin hannu kafin na biya. Ya tambaye ni ta wane inji ce, na yi masa bayani, ya ce ya taɓa gani a bidiyo amma ya ɗauka sai kamfani.

Da can kuwa sai kamfanin. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya nemi rajistar mallakar wannan fasaha ta narkar da roba a jera ta hawa-hawa a 1989, kuma kamfaninsa Stratasys ya riƙe ta har wa'adin rajistar ya ƙare a 2009. Kafin nan, a 2005, Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, inda aka saki zanen injin kyauta ga duk mai son haɗawa. Ƙananan firintocin da muke saya yanzu jikokin wannan aiki ne, shi ya sa kayan jikinsu na gama-gari ne: noti, bel, mota, fanka irin ta kwamfuta. Abin da ya fi burge ni da su ke nan. Inji ne da ake buɗewa da alanki da sifana, a sami abin da ya mutu a ledar wani dattijo a kasuwar waya.

Da na dawo, tunda kan yana kwance, na duba ƙarshen farin tiyon. Ya yi ruwan ƙasa, bakinsa ya ɗan tauye. A irin wannan kai, tiyon yana sauka har ya zauna daram a bayan baki. In aka sami 'yar tazara tsakaninsu, ko ta kaurin farce ce, narkakkiyar roba tana shiga ta kwanta ta ƙone, wata rana ta toshe hanya. Na yanke wurin da reza, a miƙe, domin yankan karkace shi ma tazara ce. Na sassauta bakin kamar juyi ɗaya, na tura tiyon har ya dungure shi, na ɗaga zafi, sannan na ɗaure bakin da sifana yana da zafinsa, ina riƙe da dunƙulen da filaya don kada ya murɗe ya tsinke wayoyin hita. Fankar na ɗaura ta da takardarta tana kallon ƙarfen, ta nan iska ke fita. Haƙarƙarin na goge da tsohon buroshin haƙori, haka ma haƙoran giya. Ɗan Yaya ne mai riƙe tocila, yana ta tambaya ko injin zai iya buga wani injin. Na ce masa mai RepRap ma abin da ya so ke nan, amma robobin jiki kawai yake iyawa, motar da ke juya injin da wayoyin wuta sai an saya.

Taɓa baki yana canza tsayinsa, don haka sai da na sake daidaita faranti da takarda a kusurwoyi huɗu da tsakiya, har takardar ta riƙa wucewa da ɗan ja. Na goge shi da sifirit. Na kuma yanki soso na huda, na zura zaren ta ciki kafin giya, ya riƙa share ƙura tun daga waje. A Cura na sauko da janyewa zuwa milimita 4, baki zuwa 200, faranti zuwa 50. A zafin garin nan PLA yana kamawa a 50 lafiya lau, ƙasan aiki ma ba ya bajewa.

Yaya ta kira ana gab da magariba. "Auta, ina hatimina? Gobe fa zan yanka sabulu." Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, injin ne zafi ya kama." Ta ce in zafi ne kowa ma shi yake ji, amma ba ta ga wanda ya fasa aiki ba.

Ban sake tayarwa ba sai bayan isha'i, taga a buɗe, fankar ɗaki tana hura bango kusa da injin, ba farantin kai tsaye ba, don kada gefen aiki ya ɗaga. An kawo wuta ana tsaka da faifan ƙasa. Da aka shiga haruffa na tsaya a kansa da kunne. Ba ƙas ko ɗaya. Na taɓa ƙarfen sama da bayan yatsa, ɗumi kawai, alhali da rana da ƙyar ake iya taɓa shi.

Hatimin ya fito wajen sha ɗaya da rabi. Haruffan sun tsaya da kaifinsu, sai dai akwai siraran zare tsakanin wasu, kuɗin rage janyewa ke nan. Na tsince su da ɗan hantsaki, na bi gefuna da reza. Na gwada a kan guntun sabulun da ta bar mini: sunan ya fito a karance, amma cikin "a" da "o" yana riƙe sabulu idan an ɗaga, domin bangon haruffan a tsaye yake cak. Sai na ɗan kwantar da su a zane, gindi ya fi kai faɗi, su riƙa zarewa da sauƙi. Wannan dai zai yi mata aikin gobe in ta shafa masa ɗan mai. Na biyun kuma zan fara da buga ɗan hasumiyar gwaji daga digiri 190 zuwa 210, in ga a ina wannan farin zaren ke daina dalala, kuma da asuba zan tayar, kafin kwano ya ɗauki rana.