Gas a Cikin Baƙin Mai

Ranar Talata na je Ƙofar Ruwa neman bel ɗin fanka, sai na tarar da wani yaron unguwarmu da bai daɗe da karɓar tsohuwar babbar mota ƙirar Marsandi 911 ba, ya ɗaga bonet yana ɗura man giya a cikin injin. Motar na sulo tana karkarwa kamar mai masassara, salansa na fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido. Na ce, "Kai ɗana, me kake yi haka?" Ya ce, "Baba, agogon ƙarfin baƙin mai ke faɗuwa in ta ɗau zafi, aka ce in zuba mai kauri zai tashi. Lodin masara na jirana a Dawanau." Sai da gabana ya faɗi, domin da hannuna na taɓa yin wannan aikin.

Zamanin Abacha ne, lokacin wahalar mai. Ni ma 911 nake ja, mai injin OM352 silinda 6, ta wani Alhaji da ya yarda da ni kamar ɗansa. Gas ba ya samuwa a gidan mai, sai wajen 'yan bumburutu, kuma kowa ya san da kananzir da ruwa a ciki. Motar ta fara misin da safe, sai ta yi zafi ta ɗan daidaita. Na ce sanyin hunturu ne. Bayan kwana biyu yaron motata ya zaro sandar auna mai ya ce, "Oga, mai ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba." Na daka masa tsawa. Har daɗi na ji a raina, wai motata ba ta shan mai.

Abin da ban tsaya na gane ba shi ne nozul ɗaya, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda, ya daina fesawa, ɗiga yake yi. Gas ɗin da bai ƙone ba yana wanke jikin silinda, ya bi gefen ringi ya gangara cikin baƙin mai. Mai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, shi ya sa allurar agogo ke kwanciya da zarar injin ya yi zafi. Misin ɗin da faɗuwar agogon ciwo ɗaya ne, ni kuwa na ɗauke su abu biyu, na raina kowanne.

Amma a yi mini adalci. Maiɗakina tana da tsohon ciki, kuɗin haya ya taru, ragon suna ban saya ba. In na ajiye motar kwana uku, wani direban zai ɗauki lodin, kuma Alhaji ba zai ji daɗin a ce masa a kai nozul gwaji ba a lokacin da kowa ke neman kuɗi. Haka nake gaya wa kaina har yau. Wani lokacin kuma in na kwanta sai in ce ƙarya nake, girman kai ne kawai, ban so a ce yaron mota ya riga ni gani.

Na zuba man giya, agogo ya ɗan ɗaga, na ɗauki wake na kama hanyar Zariya. Muna wuce Kwanar Ɗangora na fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasan injin, ƙwas-ƙwas, tana bin totur. Kafin in samu wurin fakin injin ya buga. Da aka sauke kwanon mai, garin metal ne, wato ƙarfen da kuranshaf ke juyawa a kansa, kwance a ƙasan kwanon yana ƙyalli, man kuwa warin gas kawai yake. Kuranshaf ya ci, sai da aka goge shi. Alhaji bai zage ni ba. Hannu ya miƙo na ba shi makulli, na yi wata biyar a gida.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu wa ke da haƙurin ji? Kuna iya kwana a TikTok, minti biyar na duba mai da safe kuwa ya gagare ku. Ga kaɗan. Ka zaro sandar nan kullum, ka murza man a yatsa, ka sansana. In yana ƙaruwa yana warin gas, nozul ko famfon injekta. In ya koma kamar koko da madara, ruwa ya shiga, a duba gasket. In tana misin, a bar ta a sulo a sassauta goron bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta ƙarar injin ba ta canja ba, shi ne mataccen. Ka kau da hannunka daga feshin, yana huda fata.

Agogon mai in ya faɗi, kashe mota nan take. Kodayake agogon tsohuwar mota ma yana ƙarya, sai an ɗaura na gwaji a tabbatar, kuma sau da yawa rariyar famfon mai ce ta toshe da dauɗa da guntayen gam ɗin da bakanike ya lafta. Sannan ba zan ce ka tsaya a daji da dare ba a wannan zamani, rai ya fi injin. Amma man giya dai a'a. Allura kawai yake ɗagawa, metal na ci gaba da cinyewa.

Na karɓi sifana daga hannun yaron na fara sassautawa. Na ɗaya ta girgiza, na biyu ma, na uku ma. Na huɗu ko gezau. Na sa ya sansana sandar da hancinsa, ya yi shiru. Sai ya ce, "To Baba, lodin fa?" Na ce ya kira maigidansa yanzu a gabana, in yana jin tsoro ya ba ni wayar ni in yi masa bayani. Ya daɗe yana juya ta a hannu kafin ya miƙo mini.