Ba bom nake haɗawa a Jamus ba jama'a

Tun da na sauka Jos hutun nan ba inda zan zauna ba a tambaye ni ba, wai da gaske ne aikin nukiliya nake yi a Jamus? Shekaranjiya a majalisarmu ta Bauchi Road har wani ya ja bencinsa baya yana cewa kar in shafa musu, aka yi ta dariya. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Ni mai walda ne, a nan garin na koyi sana'ata, yau shekara huɗu ke nan da tafiyata. Watannin farko ba abin da na yi sai bin takardu, rajistar gida cikin sati biyu, inshorar lafiya, banki, kuma duk a akwatin wasiƙa suke jefo maka kamar zamanin kakanninmu. Sanyi kuwa, mu 'yan Jos da muke wa 'yan Kano kurin mun san sanyi, wallahi wasan yara muke yi. Ranar Lahadi shaguna a rufe, in ba ka sayi namanka a shagon Turkawa ranar Asabar ba sai dai ka ci burodi da ƙwai.

Aikin da na samu na rushe tashar lantarki ta nukiliya ne. Bayan haɗarin Fukushima na Japan a 2011 gwamnatin Merkel ta yanke shawarar rufe tashoshin nukiliyar Jamus, ukun ƙarshe aka kashe su ranar 15 ga Afrilu 2023. Da nake ji a rediyo na ɗauka shi ke nan an sa kwado an tafi, ashe daga nan aikin yake farawa. Akwai wata tasha kusa da garin Greifswald da aka kashe tun 1990, aka fara kwance ta a 1995, har yau ba a gama ba. Wani dattijo a wurinmu ya ce min shi a ginin tasha ya fara aiki yana saurayi, a rushe ta zai yi ritaya.

In za ka shiga ciki sai ka tuɓe komai naka, komai fa, har gajeren wando nasu za ka sa. Su maƙala maka ɗan mita a ƙirji mai ƙirga turirin da jikinka ya ɗauka, wato turirin nukiliya da ido ba ya gani amma yana cutar da jiki, doka ta ce kar ma'aikaci ya wuce milisibat 20 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin turirin), kuma mu da muke zuwa ta hannun 'yan kwangila kowa na da ɗan littafinsa kamar fasfo da ake rubuta lissafin a ciki. Ba ci ba sha a ciki, goron da na saba ajiyewa a kumatu ma dole na haƙura da shi. In za ka fito akwai wata na'ura kamar ƙofa, ka tsaya a ciki ka zura hannu ta auna ka gaba da baya, in ba ta yarda ba ba inda za ka je ko kai waye.

Duk bututun da muka yanka, duk noti, yana da lamba da takarda da sunan wanda ya taɓa shi, don mafi yawan ƙarfen da kankaren ana wankewa a auna, in ya fita tsaf a sayar kamar kowane tsohon ƙarfe, wanda bai fita ba kuma a zuba a durom a rufe. A wata na biyar na yi kuskure, na jefa guntun bututu biyu a kwandon da ba nasu ba, ban tuna ba sai da na kwanta da daddare. Gaskiya abin da zuciyata ta fara gaya min shi ne yi shiru, waye ya gani, kai baƙo ne bizarka a kan aikin nan take. Ban yi barci ba. Da safe na samu foman jikina na rawa na gaya masa, ya dube ni ya ɗauki waya, aka tsayar da aikin sashenmu har azahar, aka juye kwandon aka sake auna komai ɗaya bayan ɗaya, na sa hannu a takarda uku. Ba wanda ya zage ni. Abin da ya ce kawai, da na ɓoye aka gano daga baya, ranar zan ajiye kayansu.

Amma kar wani ya ɗauka Jamusawan waliyyai ne. Ku nemi labarin Asse, wani tsohon ramin haƙar gishiri da suka zuba durom wajen 126,000 na sharar nukiliya tsakanin 1967 da 1978, wasu ma turo su kawai aka riƙa yi suna gangarawa, sai ga ruwa yana tsatsowa cikin ramin, a 2013 majalisa ta yi doka a kwaso su, kuma talaka mai biyan haraji ne zai biya. A 2017 kamfanonin lantarkin suka zuba wa gwamnati wajen Yuro biliyan 24, ita ta karɓi ɗawainiyar ajiye sharar, su kuma rushewa ta rage a wuyansu. In kuɗin bai isa ba fa? Har yanzu ba su da ma'ajiyar dindindin ta sharar mai tsananin haɗarin, tana nan cikin manyan tukwanen ƙarfe galibi a gefen tashoshin, kowane gari na cewa ba dai a wurinmu ba. Mu kuma masu yanka, kamfanin da ya ɗauke ni ɗan kwangila ne a ƙarƙashin wani ɗan kwangilar, rabinmu baƙi ne, shi ya sa littafin nan nawa na yi masa hoto shafi-shafi na ajiye, in wani ciwo ya taso nan da shekara talatin ban san ko kamfanin yana raye ba.

Jiya na kai Kawu Bukuru, shi da ya yi lebura a haƙar kuza yana yaro. Muka wuce ta gefen ɗaya daga cikin kududdufan nan da kamfanonin Turawa suka haƙa suka tafi suka bari, irin wanda muka yi ta iyo a ciki muna yara ana dukanmu don yana cin mutane. Na ce Kawu kun san yashin da ake bari bayan an wanke kuza yana ɗauke da wani sinadari da ake kira toriyom, shi ma yana fitar da irin turirin da ake auna mu saboda shi? Ya ce yashin da muke buga bulo da shi? Na ce shi fa. Na tambaye shi sunan kamfanin da ya haƙa wannan ramin, ya daɗe yana kallon ruwan, ya ce ɗana, mu dai sunan heduma muka sani, shi ke biyan mu ranar Asabar.

Sai ya ce in zan dawo baɗi in taho masa da irin mitan nan, a auna masa ɗakinsa.