Wayar da tsohon saurayi ya saya mata

Wata Asabar cikin sanyin nan na Disamba, irin wanda a Jos ko ruwan alwala sai ka yi shawara da zuciyarka kafin ka taɓa, ƙanwata 'yar kawunmu ta shigo ɗakina ta ajiye waya a gabana kamar ta ɗauko maciji. Ta ce "Yaya don Allah duba min wayar nan, ni fa na fara tunanin ko aljani gare ta." Dariya na fara yi, da na kalli idonta sai na daina.

Akwai wani da ya nemi aurenta, Allah bai yi ba, an rabu kusan wata huɗu kenan, amma bawan Allahn nan duk inda ta taka ya sani. Ta je Terminus sayen atamfa, da yamma sai ga saƙo wai me ya kai ta Terminus. Ta yi hira da ƙawarta a WhatsApp kan wani da ya fara zuwa zance, washegari ya kira yana maimaita mata maganar tiryan-tiryan, har ta fara zargin ƙawar tata ce ke kai gulma, sati biyu ba sa ko gaisawa. Na ce wa ya saya miki wayar? Ta ce shi, da ƙaramar sallah, kuma shi ya saita mata komai kafin ya kawo. Toh daga nan na san ba aljani ba ne.

Ni ba injiniya ba ne, karambanin taɓa waya da kwamfuta ne kawai tun zamanin da muke biyan kuɗin awa a kafe. Na shiga setin na buɗe jerin duk manhajojin da ke cikin wayar, ba waɗanda ake gani a fuskar sikirin kaɗai ba, sai ga wata mai suna kamar na kayan kamfani, ba ta da tambari a waje, amma an ba ta izinin ganin inda mutum yake, da makirfo, da saƙonni, da kyamara. Mafi muni an kunna mata Aksesibiliti, wannan sashen da asali don makafi da masu lalura aka yi shi domin waya ta riƙa karanta musu abin da ke kan sikirin. Duk manhajar da ta samu wannan izinin, abin da idonki ya gani ita ma ta gani, shi ya sa duk kullen sirrin da WhatsApp ke taƙama da shi bai hana komai ba, saƙon an riga an buɗe shi a wayarki ne ake leƙawa. Play Protect kuwa, maigadin nan na Google da ke tantance manhajoji masu cutarwa, a kashe. Dama ta daɗe tana mitar batir ba ya kai azahar, data kuma kamar ana shan ta da cokali, tana ta zagin kamfanin layi.

In aka ce manhajar leƙen asiri yawancinmu Pegasus ke faɗo mana, ta kamfanin NSO na Isra'ila. Ita kam ta kai a ji tsoronta. A 2016 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto suka bankaɗo ta bayan an turo wa wani ɗan rajin kare haƙƙi a Daular Larabawa, Ahmed Mansoor, wani linki, shi kuma ya ƙi taɓawa ya tura musu. A 2019 WhatsApp ya maka NSO a kotu kan mutum kusan 1,400 da aka kai wa wayoyinsu hari da ita, su ma ko linki ba a turo musu ba, kira kawai ake yi, ko ba ka ɗauka ba ta shiga. A 2021 kuma aka ga jerin lambobin waya kimanin 50,000 na waɗanda ake zargin an yi niyyar leƙa da ita, da Amnesty da 'yan jarida suka bi diddigi, a shekarar Amurka ta sa kamfanin a baƙin littafi. Amma gaskiya ɗaya ce, wannan kayan gwamnatoci ne, kuɗinsa na miliyoyin daloli ne, ba wanda zai kashe shi a kan hirar ki da ƙawarki a Unguwar Rogo. Mu namu ɓarawon a gida yake, wanda kika miƙa wa waya minti biyar a buɗe, saurayi ko miji ko abokin aiki ko mai gyara da aka ba lambar sirri saboda "zan gwada sikirin". Ba duk masu gyara ba, akasarinsu mutanen kirki ne masu neman halak, amma ni dai yanzu tsayawa nake a gyara a gabana.

Kwamfuta ma haka. Ka je kafe cike fom ka buɗe imel ɗinka, ba ka san ko an dasa manhajar nan mai haddace duk harafin da aka danna ba. Ko a loda maka Windows da manhajojin bulus da aka fasa, har da ce maka ka kashe Defender, manhajar tsaron Windows, wai yana hana su aiki, ai ka kori maigadi kenan da hannunka. Sai kuma GB WhatsApp da 'yan uwanta da muke tura wa juna ta Xender don a ga saƙon da aka goge, wa ya haɗa su, ina bayananka ke zuwa, oho.

Ban goge manhajar nan take ba, kuma wannan ina so mata su ji da kyau. Mai leƙen yana iya gane an cire, wani in ya ga an gano shi haukacewa yake. Sai da muka ɗauki hoton komai da wayata a matsayin shaida, muka sanar da kawu, sannan ta zauna a kan laftof ɗina ta canja fasuwod ɗin Gmail da Facebook da na banki, don in a waccan wayar ta canja to a gabansa ta canja. Muka duba sashen na'urorin da aka haɗa a WhatsApp, nan ma ga wata kwamfuta a maƙale, muka fitar da ita, muka sa lambar nan mai guda shida ta tabbatarwa mataki biyu. Daga ƙarshe aka yi wa wayar fomatin gaba ɗaya, na kunna Play Protect, na sabunta ta, na nuna mata koren ɗigon nan da ke fitowa a saman sikirin tun daga Android 12 duk lokacin da kyamara ko makirfo ke aiki.

Abin da ya ban haushi, da maganar ta je kunnen dangi har da masu cewa ai kishi ne, so ne ya jawo. Wane irin so? Allah da kansa ya ce kada ku yi bincike, wato tajassusi, yana nan cikin Suratul Hujurat. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wayar ɗan ƙasa da saƙonninsa, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta haramta shiga na'urar wani ba izini. Kawu ya zaɓi ya kira manyan yaron maimakon zuwa wajen 'yan sanda, ni ba haka na so ba, amma ba a musu da kawu.

Duk da fomatin ɗin ta ce ita zuciyarta ba ta kwanta da wayar ba, ta mayar musu da abarsu tare da sauran kayan da ya taɓa kawowa, yanzu tsohuwar Tecno ɗina mai fasasshen sikirin take riƙewa. Ƙawar tata kuwa sai da na raka ta har Rikkos ban haƙuri, muka sha zama a tsakar gida cikin sanyi kafin ta yarda ta fito.